WARKARWA DA AIKI: YADDA AKE KOYON SANA'AR DA YADDA AKE SAMUN IZININ YINTA

Gabatarwa

Idan aka kai majiyyaci asibiti, babban abin da danginsa suke fata shi ne ya rayu. Amma bayan likita ya gama nasa aiki, an sallami mutum ya koma gida, wata matsala takan taso wadda allura da ƙwayar magani ba su warware ta. Manomin da ɓarin jikinsa ya shanye yana bukatar ya sa rigarsa, ya kai loma bakinsa, ya kewaya ba tare da an riƙe shi ba. Telan da ya ƙone a hannu yana bukatar ya sake riƙe almakashi. Yaron da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa mai sa gaɓoɓi su sandare yana bukatar ya zauna daidai, ya riƙe fensir, ya shiga aji tare da tsaransa. Idan ba a sami wanda ya san hanyar taimaka musu ba, sau da yawa sai su ƙare a ɗaka ko a bakin titi, iyalin da suke ciyarwa kuma su shiga wahala.

Akwai ma'aikatan lafiya waɗanda wannan shi ne aikinsu. A Turance ana kiran sana'ar tasu okupeshinal terafi, a Hausa kuwa ana iya kiranta warkarwa da aiki, mai yinta kuma malamin warkarwa da aiki. Masu wannan sana'a kaɗan ne ƙwarai a Nijeriya, kuma mafi yawan ɗaliban sakandare ba su taɓa jin sunanta ba. Wannan ɗan littafi yana bayyana ko mece ce sana'ar, da irin karatun da ake yi kafin a shige ta, da matakan da doka ta ajiye kafin a ba mutum izinin taɓa majiyyaci.

Mece ce warkarwa da aiki?

Kalmar aiki a nan ba ta tsaya ga aikin albashi ba. Tana nufin duk abin da mutum yake cika yininsa da shi tun daga tashinsa har kwanciyarsa. Masana sun kasa waɗannan ayyuka kashi uku. Na farko shi ne kula da kai, watau wanka, da sa tufafi, da cin abinci, da kewayawa. Na biyu shi ne aikin amfani, kamar noma, da kasuwanci, da girki, da reno, da karatun makaranta. Na uku kuwa shi ne hutu da zumunci, kamar wasan yara, da hira a dandali, da halartar biki ko suna.

Malamin warkarwa da aiki yana amfani da waɗannan ayyuka ta fuska biyu. Su ne maganin, domin hannun da aka sa ya riƙa tsince wake, ko murɗa marfin kwalba, ko saƙar tabarma, yana samun ƙarfi da saiti fiye da hannun da aka bari a ajiye. Su ne kuma abin da ake nufin kaiwa gare shi, domin ba a cewa an ci nasara sai majiyyaci ya koma yin abin da yake da muhimmanci a rayuwarsa.

Hanyoyin da ake bi uku ne. Ana ƙoƙarin maido da abin da jiki ko hankali ya rasa. Inda hakan ba ta yiwu ba, sai a koya wa mutum wata sabuwar dabarar yin aikin, ko a ƙera masa kayan da za su taimake shi. Sa'an nan a gyara wurin da yake zaune ko yake aiki, don kada dokin ƙofa, ko matakala, ko ƙuncin makewayi su zama su ne suka tsare shi.

Jama'a sukan haɗa wannan sana'a da ta masu gashi, waɗanda ake kira fisiyo a asibiti. Ayyukan biyu 'yan uwan juna ne, kuma sau da yawa ana koyar da su a sashe ɗaya na jami'a, amma kowanne da inda ya fi ba ƙarfi. Mai gashi ya fi kula da motsin jiki, da ƙarfin tsoka, da tsayuwa, da tafiya. Malamin warkarwa da aiki kuwa yana duba abin da mutum zai yi da wannan motsi, kuma aikinsa ya haɗa har da masu ciwon taɓin hankali waɗanda babu abin da ya sami gaɓoɓinsu.

Asalin sana'ar

Tun ƙarshen ƙarni na 18 waɗansu masu kula da mahaukata a Turai suka lura cewa ɗauri da kulle suna ƙara wa majiyyaci ciwo. Likita Philippe Pinel a Faransa, da William Tuke wanda ya buɗe gidan jiyya a birnin York na Ingila a 1796, sun nuna cewa idan aka kyautata wa majiyyaci, aka ba shi aikin lambu ko na hannu, aka tsara masa yininsa, hankalinsa yakan kwanta.

Sana'ar ta sami suna da tsari a Amurka cikin watan Maris na 1917, lokacin da mutum shida suka taru a garin Clifton Springs na Jihar New York suka kafa ƙungiya ta farko. A cikinsu akwai George Barton, mai zanen gine-gine wanda shi kansa ya sha doguwar jiyya, da William Rush Dunton, likitan masu taɓin hankali, da Eleanor Clarke Slagle, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar dubban sojoji da raunuka, saboda haka aka horar da mata masu yawa don su koya musu aikin hannu a asibitocin soja. A Ingila, Likita Elizabeth Casson ta buɗe makarantar farko ta koyar da wannan aiki a Bristol a 1930. A 1952 aka kafa Tarayyar Duniya ta masu wannan sana'a, wadda ake kira WFOT a taƙaice, kuma ita ce take fitar da mafi ƙarancin sharuɗɗan da makaranta za ta cika kafin duniya ta amince da horonta. Tun daga 2010 ake bikin ranar wannan sana'a a duniya kowace 27 ga Oktoba.

A Nijeriya ma tunanin yana da tarihi. Asibitin Ƙashi na Igbobi da ke Legas ya samo asali ne daga sansanin jiyyar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1954 kuma Likita Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda masu taɓin hankali suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, su je asibiti karɓar magani, su kuma ci gaba da cuɗanya da jama'a da ayyukan yau da kullum. Wannan tsari ya yi suna a duniya, kuma ya tabbatar da cewa zama cikin mutane da yin aiki wani ɓangare ne na warkewa.

Misalan aikin

Wanda yake tunanin shiga sana'ar ya kamata ya san irin abin da zai riƙa yi kowace rana.

Shanyewar ɓarin jiki tana aukuwa ne idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini shi ne babban sanadinta. Idan abin ya taɓa gefen hagu na ƙwaƙwalwa, gefen dama na jiki ne yake shanyewa. Malamin warkarwa yakan koya wa irin wannan majiyyaci ya fara zura hannun da ya shanye cikin riga, sa'an nan mai lafiyar, idan zai tuɓe kuma ya fara fitar da mai lafiyar. Yakan naɗe mariƙin cokali da roba ko ƙyalle don ya yi kauri yadda yatsu marasa ƙarfi za su iya kama shi. Yakan kuma ja hankalin dangi kada su riƙa yi wa majiyyaci kome da kome don tausayi, domin hannun da aka daina amfani da shi ƙara mutuwa yake yi.

Ƙuna tana warkewa da tabo, tabo kuwa yana tsukewa. Idan aka bar hannun da ya ƙone a dunƙule saboda zafi, yatsu sukan manne su lanƙwashe har abada. Don haka ake yi wa hannun ɗauri na musamman da wata roba da ake tausasawa cikin ruwan zafi, a gwada ta a hannun majiyyaci, ta sandare bisa siffar da ake so. Bayan rauni ya rufe sai a sa safa mai matsewa na watanni don tabon ya kwanta.

Wanda ya karye a ƙashin baya, ƙafafunsa suka mutu, yana bukatar keken guragu wanda ya yi daidai da jikinsa, da matashi mai kyau, da koyon yadda zai tashi daga gado zuwa keke. Tilas ne a riƙa juya shi kamar kowane awa biyu idan yana kwance, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito masa, wanda yana iya kashe mutum. Malamin warkarwa yakan je gidan ya duba faɗin ƙofa da tsayin gado, ya ba da shawarar yin gangara a maimakon matakala. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, ga kowane inci ɗaya na tsayi a ba gangarar inci 12 na tsawo.

Kuturta tana kashe jijiyoyin ji, har mutum ya riƙe tukunya mai zafi ko ya taka ƙaya bai sani ba. Maganin da ake bayarwa kyauta yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya maido da jin da ya riga ya tafi. Saboda haka ake koya wa majiyyaci ya duba hannuwansa da ƙafafunsa kowace rana, ya jiƙa su ya shafa mai, ya naɗe ƙotar fartanya da abu mai laushi, ya sa takalmi mai taushin ciki.

A asibitin masu taɓin hankali kuwa, aikin shi ne maido wa majiyyaci tsarin yini, da tsaftar jiki, da iya zama da mutane, da riƙe kuɗi, da sana'ar da zai dogara da ita bayan an sallame shi. Haka kuma ake yi wa waɗanda suke ƙoƙarin rabuwa da shan miyagun ƙwayoyi.

Wane ne ya dace da wannan aiki?

Sana'ar a buɗe take ga maza da mata. Akwai bukatar mata musamman, domin a wurare da yawa mace ta fi sakin jiki idan 'yar uwarta mace ce take koya mata wanka, da ɗaurin zane, da goyo da hannu ɗaya.

Ana bukatar mai son kimiyya, domin karatun yana da nauyi. Ana bukatar mai haƙuri, domin majiyyaci yana iya shafe mako uku kafin ya iya ɓalle maɓalli guda. Ana bukatar mai dabarar hannu, wanda zai iya zama da kafinta ko maƙeri ko baduku su ƙera kujerar yaro ko mariƙin bango da kayan da ake samu a kasuwar garin, tun da kayan da ake shigowa da su daga waje sun fi ƙarfin aljihun talaka. Ana kuma bukatar mai riƙon amana, domin zai shiga ɗakunan mutane ya ga abin da suke ɓoye wa maƙwabta. Wanda yake jin harshen majiyyaci, ya san al'adarsa, ya san yadda ake zama a tabarma da yadda ake cin tuwo da hannu, ya fi kowa sanin abin da ya kamata a koya masa.

Sharuɗɗan shiga jami'a

Shiri yana farawa ne tun daga babbar sakandare. Tilas ne ɗalibi ya zaɓi ajin kimiyya, ya kuma sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a darussan Turanci, da Lissafi, da Fizis, da Kemistiri, da Bayoloji. Wanda ya bar Fizis ko Kemistiri a aji huɗu na sakandare don gudun wahala ya rufe wa kansa wannan ƙofa, sai fa in ya koma ya rubuta su.

Daga nan sai jarrabawar shiga manyan makarantu ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussan da ake rubutawa su ne Turanci, da Fizis, da Kemistiri, da Bayoloji. Kowace jami'a tana yanke makin da za ta karɓa a kowace shekara, sa'an nan ta yi nata tantancewar. Akwai kuma hanyar shiga kai tsaye zuwa shekara ta biyu ga wanda yake da babbar takardar shaida, kamar ta IJMB, bisa ga sharuɗɗan da jami'ar ta ajiye.

Jami'o'in da suke koyar da wannan fanni ba su da yawa. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana koyar da shi a Sashen Farfaɗo da Majiyyata. Jami'ar Kimiyyar Lafiya da ke Ondo, wadda aka kafa a 2015, ita ma tana koyar da shi. Tun da jerin makarantu yana sauyawa, ana shawartar ɗalibi ya duba littafin jagora na JAMB na shekarar da zai nema, ya ga inda aka lissafa fannin.

Kafin a biya ko kwabo, lalle ne a tabbatar da abu biyu: cewa Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da kwas ɗin, da kuma cewa hukumar da take yi wa masu sana'ar rajista ita ma ta amince da shi. Takardar da aka samo daga makarantar da ba a amince da ita ba, ba ta kai mutum ga lasisi, ko da ya shekara nawa yana karatu.

Abin da ake koyarwa

Karatun digiri yana ɗaukar shekara biyar ga wanda ya shiga daga shekarar farko.

A shekara ta farko ana ƙarfafa harsashin kimiyya, watau Fizis, da Kemistiri, da Bayoloji, da Lissafi, tare da darussan gama-gari da kowane ɗalibin jami'a yake yi.

A shekara ta biyu zuwa ta uku ana shiga ilmin ginin jikin mutum, da yadda sassan jiki suke aiki, da ilmin sinadaran jiki, da ilmin halayyar ɗan Adam. Nan ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, domin abin haddacewa yana da yawa. Hannu kaɗai, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, yana da ƙasusuwa 27, watau 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu, kuma manyan jijiyoyi uku ne suke sarrafa shi. Dole ɗalibi ya san wace jijiya ce ta yanke idan wuyan hannu ya faɗi ya ƙi ɗaguwa, da wadda ta lalace idan ƙananan yatsu biyu suka lanƙwashe.

Daga nan sai darussan cututtuka: na ƙashi, na ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, na yara, na tsofaffi, da na taɓin hankali. Tare da su ake koyar da ainihin sana'ar. Ɗalibi yana koyon yadda ake auna abin da majiyyaci yake iyawa da abin da ya gagare shi. Yana koyon warware aiki daki-daki, alal misali ya ɗauki daka a turmi ya lissafa irin tsayuwa, da riƙo, da ƙarfin kafaɗa, da saitin ido da ake bukata, don ya gane daidai inda majiyyaci ya kasa. Yana koyon ƙera ɗaurin hannu, da zaɓen keken guragu, da yin kayan taimako, da rubuta rahoto.

A shekaru biyu na ƙarshe ɗalibi yana shafe mafi yawan lokacinsa a asibiti ƙarƙashin kulawar ƙwararru, yana zagaya sassa dabam-dabam, har da fita cikin unguwanni da ƙauyuka. Ƙa'idar Tarayyar Duniya ita ce kada horon aikace ya gaza awa 1,000. A shekarar ƙarshe kuma ɗalibi yana yin bincike ya rubuta kundi, sa'an nan ya zauna jarrabawar ƙarshe, wadda ta haɗa da rubutu, da tambayoyin baka, da duba majiyyaci a gaban masu jarrabawa.

Rajista da lasisi

Samun digiri bai isa ya ba mutum izinin aiki ba. Doka mai lamba 38 ta shekarar 1988 ta kafa Hukumar Rajistar Ma'aikatan Farfaɗo da Majiyyata ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MRTB. Ita ce take kula da masu warkarwa da aiki, da masu gashi, da masu gyaran magana, da masu auna ji, da masu ƙera gaɓoɓin roba. Ita take duba makarantu, ta riƙe littafin sunayen waɗanda suka cancanta, ta kuma hukunta wanda ya ci amanar sana'a. Matakan da wanda ya gama digiri zai bi su ne:

1. Rantsuwar kama aiki da karɓar rajistar wucin gadi daga hukumar.
2. Horon sanin makamar aiki na wata 12 a asibitin da hukumar ta amince da shi, ƙarƙashin wanda ya riga shi ƙwarewa.
3. Cikakkiyar rajista bayan asibitin ya tabbatar da cewa ya kammala horon yadda ya kamata.
4. Aikin bautar ƙasa na shekara ɗaya a ƙarƙashin hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, ga wanda bai haura shekara 30 ba lokacin da ya gama digiri.
5. Sabunta lasisi kowace shekara, tare da halartar tarurrukan ƙara ilmi.

Idan aka haɗa lissafi, daga shiga jami'a zuwa gama bautar ƙasa shekara bakwai ke nan, in ba a sami tsaiko ba. Tsaikon da aka fi samu shi ne na gurbin horon wata 12, domin asibitocin da suke da sashen warkarwa da aiki kaɗan ne. Saboda haka ya kyautu ɗalibi ya fara neman gurbi da wuri, kada kuma ya ƙi zuwa jihar da ba tasa ba.

Duk wanda ya kira kansa malamin warkarwa da aiki, ko ya buɗe wurin duba majiyyata ba tare da rajista ba, ya karya doka. Majiyyaci da danginsa suna da ikon neman a nuna musu lasisi.

Hanyar difloma da karatu a ƙasashen waje

Akwai hanya ta biyu ga wanda bai sami shiga jami'a ba. Makarantar Tarayya ta Koyar da Warkarwa da Aiki da ke Oshodi a Legas, wadda take ƙarƙashin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, tana ba da horon difloma. Waɗanda suka fito daga wannan hanya su ma suna yin rajista da hukumar, a matakin da ya dace da takardarsu, kuma suna aiki kafaɗa da kafaɗa da masu digiri. Ya kamata ɗalibi ya gane tun farko cewa difloma da digiri ba matsayinsu ɗaya ba a wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Mai difloma da yake son ya kai ƙololuwar sana'a yakan koma jami'a daga baya.

A waje kuwa tsari ya bambanta. A Ingila digirin shekara uku ne, a Afirka ta Kudu huɗu. A Amurka, tun daga 2007, ba a shiga sana'ar sai da digiri na biyu ko sama da haka, sa'an nan a ci jarrabawar ƙasa. Wanda zai tafi waje ya tabbatar da cewa sunan makarantar yana cikin jerin waɗanda Tarayyar Duniya ta amince da su. Idan ya dawo gida, tilas ne ya gabatar da takardunsa ga hukumar MRTB, ya cika sharuɗɗanta, kafin ya fara aiki.

Inda ake aiki

Manyan wuraren aiki su ne asibitocin koyarwa na jami'o'i, da cibiyoyin lafiya na tarayya, da asibitocin ƙashi kamar na Igbobi, da na Dala a Kano, da na Enugu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba, da Aro, da Benin, da Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Maiduguri, da Kalaba, da Enugu. Bayan waɗannan akwai asibitocin soja, da makarantun yara masu bukata ta musamman, da cibiyoyin koya wa naƙasassu sana'a, da ƙungiyoyin agaji masu aiki a wuraren da rikici ya raba mutane da gidajensu. Wanda ya ƙara karatu yana iya zama malamin jami'a, ko ya ƙware a fanni guda, kamar gyaran hannu ko lalurar yara.

Bukatar masu wannan aiki ƙaruwa take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3, watau kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna fama da naƙasa mai tsanani. An tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka, amma waɗanda cutar ta riga ta gurgunta suna nan da ransu, suna bukatar kulawa. Haɗarin mota da na babur, da hawan jini, da ciwon sukari mai kai wa ga yanke ƙafa, kullum suna ƙara yawan masu bukata.

Dokokin ƙasa ma sun buɗe ƙofa. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta wajabta a gyara gine-ginen jama'a yadda naƙasassu za su iya shiga, ta kuma umarci ma'aikatun gwamnati su keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba masu wannan ciwo haƙƙin samun kulawa cikin mutunci. Aiwatar da waɗannan dokoki yana bukatar mutanen da suka san yadda ake auna gangara, da gyara wurin aiki, da shirya majiyyaci ya koma cikin jama'a.

Jan hankali ga ɗalibai, da iyaye, da malamai

Sana'ar tana da nata wahalhalu. Karatun yana da tsawo, makarantun da aka ambata suna kudu maso yammacin ƙasa, kayan aiki sukan yi ƙaranci, kuma sau da yawa sabon ma'aikaci yakan tarar da kansa shi kaɗai a asibiti, yana yi wa abokan aikinsa bayanin ko mene ne aikinsa. Wanda yake neman arzikin dare ɗaya ba nan ne wurinsa ba.

Duk da haka, ɗalibin da yake da kiredit ɗin kimiyya bai kamata ya shafe shekaru yana maimaita jarrabawa don neman gurbin likitanci kaɗai ba, alhali ga wata ƙofa ta aikin lafiya da masu nemanta ba su da yawa. Ana shawartarsa ya ziyarci sashen warkarwa da aiki a babban asibitin da ya fi kusa da shi, ya nemi izini ya ga aikin da idonsa kafin ya cike takarda. Ana roƙon iyaye kada nisa ya sa su hana 'ya'yansu, maza da mata, zuwa karatu, domin jihar da ba ta tura 'ya'yanta ba za ta daɗe tana jiran baƙi. Shugabannin makarantun sakandare su sanar da ɗalibai wannan fanni tun kafin zaɓen darussa, hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi kuma su sa shi cikin fannonin da suke ba fifiko.

Duk mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar ofishin hukumar MRTB, ko ofishin JAMB na jiharsa, ko magatakardan makarantar da yake son shiga.